Tuddan da Aka Share a Titin Ƙofar 'Yandaka

Alhaji Yahaya Sammani,
Akawu mai ritaya,
Unguwar Ƙofar 'Yandaka, Katsina.
6 ga Maris, 2000.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Gyaran Hanyoyin Unguwanni,
Katsina.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SHARE TUDDAN RAGE GUDU A TITIN UNGUWARMU, DA RASUWAR MATATA HAJIYA BARAKA

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da kokena. Na yi aikin gwamnati har na ajiye ban taɓa rubuta ƙorafi a kan kowa ba, saboda haka a gafarce ni idan na kauce wa tsari.

1. Tun zamanin soja akwai tuddan rage gudu a titin da ya ratsa unguwarmu, tsakanin masallaci da famfo. A watan Oktoba na 1999, bayan dawowar mulkin farar hula, wani ɗan kwangila ya zo ya sabunta kwaltar. Mun yi murna, mun yi addu'a. Da katafila ta share tuddan, mai unguwa ya yi magana, aka ce masa za a mayar da su da zarar an gama aikin. An gama. Ba a mayar ba.

2. Daga nan motoci suka riƙa wucewa a guje ta ƙofar gidajenmu. A watan Nuwamba dattawan unguwa suka zo ofishinka, aka karɓe su da mutunci, aka ce ana duba lamarin.

3. Ranar Talata, 18 ga Janairu, 2000, bayan la'asar, matata Hajiya Baraka ta fito da kwanon kunun kanwa za ta kai wa 'yarmu Suwaiba, wadda ke jego a gidan mijinta, tsallaken titin. Marigayiyar tana fama da ciwon gwiwa, ba ta iya sauri. Ina bakin masallaci ina sa takalmi na ji ƙarar birki. Ban san ita ce ba sai da na gane mayafinta. Kafin mu isa asibiti rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An raɗa sunan jikarta ba ta nan.

4. Ina so a rubuta cewa ba direban nake ƙara ba. Sunansa Idi, mai tasi ne, kuma bai gudu ba. Shi ya ɗauke ta a motarsa, yana tuƙi yana kuka, da shi aka yi mata sallah. Ya ce mini hanya ya gani a buɗe, bai ga allo ko tudu da zai sa ya sassauta ba. Na yafe masa a gaban liman. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta ɗauke wa kowa nauyin da aka ɗora masa.

5. Bayan sadakar bakwai maƙwabta suka tara ƙasa a kan titin don tilasta wa motoci rage gudu. Ranar 3 ga Fabrairu ma'aikata suka zo da shebur suka kwashe, suka ce ba mu da izini, kuma muna ɓata sabon aiki. Ba na jayayya da doka. Sai dai na lura an samu ma'aikatan kwashewa da wuri.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Shugaba ya ba da umarni a mayar da tuddan nan, a shafa musu farin fenti, a kafa allon gargaɗi ta kowane ɓangare, a kuma zana wurin tsallakawa a daidai masallaci. Idan ba hali yanzu, a ba mu izini a rubuce, a turo mana wanda zai nuna tsawo da faɗi. Akwai magina a unguwar, za mu yi da hannunmu.

Ba diyya nake nema ba, ranka ya daɗe. Suwaiba ta gama wanka, amma har yau ba ta tako gidan mahaifinta ba. Takan zo bakin titi da jaririyar a goye, ta tsaya, ta gaishe ni daga can da hannu, ta koma. Ina so in rayu in ga ta tsallako.

Allah ya yi maka jagora, ya kiyaye naka iyalin.

Naka cikin biyayya,

Alhaji Yahaya Sammani