Samrit, Ka Je a Ƙona Wurin

Ni Lamduan, matar marigayi Bunlert, na rubuta wannan da hankalina garau. Ƙafafuna ne suka kumbura, kaina lafiya lau yake. Zuwa gare ku 'ya'yana uku da suka rage: Wilai, Dokmai, da auta Samrit.

1. Gonar shinkafa ta Wilai da Dokmai ce, kada a tsaga ta. Baunar nan mai taurin kai Samrit ya ɗauka, dama halinsu ɗaya.

2. Ku je ku durƙusa wa gwaggonku Sombun a madadina. Shekarar da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu, shekarar ce yayanku Prayun ya kwanta lafiya bai tashi ba. Na ce ita ta jawo mana fatalwar gwauruwa mai ɗauke maza cikin barci, na watsa mata kayanta waje. Bara likitar zuciya a birnin Khon Kaen ta auna mu duka. Ashe ciwon zuciya ne na gado, a jinina yake, ni na ba ku. Kunya ta hana ni zuwa, yanzu kuma ƙafa ta hana.

3. Ku sauke jajayen rigunan da na rataya a ƙofa don korar fatalwa, ku zubar da jan farce. Ni na riƙa shafa wa mazan gidan nan, ina ɗaura musu zanina, wai fatalwa ta zaci mata ne ta wuce. Ɗana na biyu, Khamphong, da jan farce da zanina muka ɗauke gawarsa daga tabarma. Shekararsa talatin da ɗaya.

4. Samrit, kai nake ji. Na'urar da likitoci suka dasa maka a ƙirji ta fizge ka da lantarki sau shida cikin wata biyu, sau shida ke nan da ka tafi ta dawo da kai. Likita ta ce za su zura siririyar waya ta ƙasan ƙirji, su ƙona ɗan wurin da ke birkita bugun zuciyar. Ba ta yi alkawarin warkewa ba, ta dai ce yawanci yakan lafa. Kai kuma ka kafe, wai fatalwa ba ta jin wuta, wai uwarka ta fi likita sani. Haba Samrit! Uwarka ba ta san komai ba. Na cusa maka wannan magana tun kana goye, yau na yi kuka, na yi zagi, na kasa cire ta. Ban san me ya rage in yi ba.

5. Jikokina duka, maza da mata, a kai su awon zuciya. Wanda zazzaɓi ya kama, a sauke masa shi maza-maza, don yana tayar da ciwon.

Albarkata ta bi ku. Ku riƙa cin shinkafa a kwando ɗaya, kada wani ya kwana a ɗaki shi kaɗai, kada tsoro ya warwatsa ku.

Saura magana ɗaya. Asibiti ya ba Samrit ran tara ga watan gobe, kuma ba na jin zan wuce lokacin. Na san al'adar addininmu ce ɗa ya aske kai, ya sa rigar zuhudu ran ƙona gawar uwarsa don ta sami lada. Na yafe ladan. In ranakun suka haɗu, Wilai ki kunna mini wutar, Dokmai ki riƙe hannun ƙanenki ki sa shi a mota zuwa asibiti, ko yana kuka.