Ƙafar Isufu a Silima

Litinin, 7 ga Oktoba 1957

Yau diraktan makarantarmu ya kira ni daga aji. Wani Bature ne Bafaranshe ya sauka daga Damagaram, Mushe Garniye (mushe shi ne malam a bakinsu), da akwatin ɗaukar silima. Hukumar lafiya ta aiko shi ya yi silima a kan kurkunu, yana neman tafinta. Ni da na shiga silimar Kano sau tara! Na ce "wi", na amince, tun bai rufe baki ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na karanta takardar labarin silimarsa. Wani baƙauye wawa yana shan ruwan tafki gefen jaki, sai likita ya zo ya yi masa faɗa. Na ce masa in aka nuna wannan a nan Matameye, jakin kawai za a tausaya wa. Ya yi dariya, ya turo mini alƙalaminsa. "To, Muntaka, rubuta naka."

Nawa!

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ba lakwal yau, ranar hutun makaranta ce. Shafi shida na cika kafin azahar. Manomi ne, hatsinsa ya nuna, kurkunu ya kwantar da shi, tsuntsaye na cin gonar. Uwarsa ta kama tace ruwa da ƙyalle. Matata, Uwa, ta ce tuwo ya huce, na ce ya huce.

Na ma san wa zai yi. Isufu na Dungu, ɗan Gwaggo Shekara, taubashina. Kurkunu na gaske ne a ƙafarsa ta hagu, ya leƙo kwana huɗu ke nan.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Mun je Dungu a motar Garniye. Isufu ya ce, "Kai Muntaka, sai da ƙafata ta ruɓe ka san hanyar gidanmu?" Na ce za a gan shi har Faransa. Ya ce to a bari ya sa rigar sallah. Da ƙyar na hana.

Akwatin ana wana shi kamar agogo, ya yi ɗan gudu ya tsaya. Gammon filim huɗu ne kacal, abin da ya ɓaci ya ɓaci. Garniye ke riƙe da shi, amma ba mai jin maganarsa, don haka ni ke cewa a tsaya nan, a dubi can, a fara. Na ce a fara, mutum ashirin suka motsa.

Gwaggo ta ƙi yin yadda na rubuta. Wai ita ba ta tace ruwa a tsaye kamar mai jiran mota. Ta zauna ta yi nata. Ya fi nawa, amma ban faɗa mata ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Yara na karanta teburin lissafi na sau bakwai, ni ina auna ta inda haske ke faɗo wa fuskokinsu.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ban san ta ina zan fara ba.

Inusa na gidan likita ya zo ya naɗe tsutsar a tsinke, kaɗan, yadda ake yi kullum. Muka ɗauka. Sai Garniye ya ce inuwar darni ta rufe ƙafar, ba a ga komai ba. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce a bar shi. Ni na ce a sake.

Inusa ya ce mini, "Mushe, ta ba da na yau. In aka matsa mata tsinkewa za ta yi."

Na ce ɗan kaɗan. Isufu ya dube ni, ya ce, "In dai kai ka ce."

Ta tsinke. Ƙarar da ya yi, kaji suka watse. Akwatin na gudu, kuma Allah Ya sani abin da ya fara zo mini shi ne: an samu.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ƙafar ta kumbura har gwiwa, jikinsa zafi rau. Na gaida Gwaggo sau biyu, ta ci gaba da surfenta.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Garniye ya tafi da gammayensa, sai an wanke a Faransa. Na hau keke zuwa Dungu, rabin hanya turawa na yi cikin rairayi. Na shiga gonar Isufu da maƙwabtansa muna yankan gero. Shekara goma sha biyar rabona da wannan aiki, hannuna duk ya yi ƙurji. Inusa ya tsaga wurin, ya ce ƙafa za ta tsira, gwiwar ce bai sani ba.

Lahadi, 8 ga Disamba

Ya taka yau, da sanda. Gwiwar ba ta miƙewa duka. Bana ba zai je cin rani Kano ba, karo na farko tun aurensa. Bai ce mini komai a kai ba. Da ya zage ni ma.

Talata, 18 ga Fabrairu 1958

Ya iso! Garniye ya dawo da silimar da injin haskawa. Ya nuna mini ni kaɗai a bangon ɗakinsa. Da farko rubutu ya fito, a ƙasan sunansa ga nawa: labari da tsarawa. Na ce ya mayar baya in sake gani. Sau uku.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Mun toshe tagogin magazan, ɗakin ajiyar gyaɗa, da buhuna, bayan la'asar aka cika shi maƙil. Silimar ba ta magana, ni ke bayani da baki. Da Gwaggo ta fito a bango mata suka ɗauki guɗa. Wani tsoho ya yi wa hoton Isufu sallama, ya ji haushi ba a amsa ba. Ban taɓa jin daɗi irin wannan ba, wallahi ban taɓa ba.

Sai wurin ya matso. Ga tsinke, ga hannun Inusa. Na cire hulata na rufe idon injin. Duhu. Aka yi ta ihu, Garniye na zagi da Faransanci. Ban ɗauke ba sai da ya wuce.

A waje Isufu ya tare ni da sandarsa.

"Wa ya aike ka?"

Na ce ban so a ga...

"Ƙafarka ce? Ni na sha ciwon, kai kuma ka ɓoye shi a hula? Ranar da ya kamata ka ce a bari ba ka ce ba. Mayar, su gani."

Muka mayar. Wannan karon shi ya yi bayanin, yana zaune kan buhu. Ya faɗi wanda ya ce a sake ja, da sunana da na ubana. Ba wanda ya yi dariya. Da aka fito na ji wata mata na tambayar Gwaggo wane irin ƙyalle ne ya fi tacewa.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Garniye na son wani labarin, kan rijiya. Ya ce in ya yi kyau zai nema mini koyon aikin a Dakar. Dakar! Na kasa cin abinci.

Lahadi, 9 ga Maris

Na gama tun Laraba. Motar wasiƙa ta tafi jiya ban ba ta ba, na ce wa Uwa tawadar ce ba ta yi kyau ba.

Yau na je Dungu, don dai in motsa keken. Takardun na aljihu, sai na karanta musu. Da na zo inda za a zura mutum rijiya da igiya, Isufu ya ce, "Wa zai shiga?" Na ce ban yanke ba tukuna. Gwaggo ta zuba mini fura, ta ce ƙarshen ma bai yi ba.

Ban ce suna da gaskiya ba. Motar dai za ta sake zuwa Asabar.