Ƙarfen Da Ke Tokare Ƙofar Manaja

Zuwa ga Mai Girma Manaja,
Kamfanin man gyaɗa da na yi wa aiki shekara goma sha huɗu,
Daura.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran ma'aikatan da Allah ya tsallakar ba su shiga jerin waɗanda aka sallama ba. Ni ne Hamisu, tsohon akawunka, mai teburin kusa da taga. Idan sunan bai faɗo maka ba, ni ne mutumin da ya zo ofishinka sau biyar a watan nan, kullum a ce masa ka fita, alhali yana hango takalmanka a bakin ƙofa. Ban ambaci sunanka ko na kamfani ba, don ba tozarta ka na zo yi ba. Ka san kanka, kuma duk wanda ya taɓa shiga ofishinka ya yi tuntuɓe da abin da zan yi magana a kansa.

Na ɗaya. Yallaɓai, ka kwantar da hankalinka, ba aikina nake so a mayar mini ba. Da kuka ce kasuwa ta ja baya za a rage mutane, na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Sati uku na yi ina sa kaftani gogagge da safe, in rataya biro a aljihu, in fita kamar mai zuwa aiki, in ƙare a bencin mai shayi ina karanta jaridar jiya. Matata Saude ce ta gano ni, ba da wani bincike ba: ta ce tunda take da ni ba ta taɓa wanke rigata ba ta ji ƙaurin gyaɗa ba sai a kwanakin nan. Ta ce in daina wahalar da ita da guga, in wuce rumfar Baffa.

Baffa ƙanen mahaifina ne, maƙerin azurfa. Gidanmu tun kaka da kakanni sana'ar ke nan, ni ne na gudu na riƙe biro. Ranar da na koma, ya kalli tafin hannuna ya ce wannan hannun ko tuwo mai zafi ba zai iya yanka ba. Ya ba ni zugazugi. Na ƙone yatsu, na ƙone gefen gemu, na narkar da abin da aka kawo gyara kawai. Zoben da na fara ƙerawa babu yatsan da ya yi wa daidai a duk faɗin Daura, har yau Saude makullai take ratayawa a jikinsa. Amma alhamdu lillahi, hannu ya fara faɗawa. Tunda Shari'a ta zo maza suka ƙara tsanantawa a kan zoben azurfa, kowa yana so a gan shi da nasa ranar Juma'a, har wani ɗan kasuwa daga Kongolam yakan zo ya sara a wurinmu. Baffa dai bai daina kirana Akawu ba, amma ya daina kawar da kai idan zan buga guduma.

Na biyu. Abin da nake nema shi ne ƙarfen nan baƙi mai kusurwa huɗu, kamar sabulun wanki, wanda yanzu yake tokare ƙofar ofishinka don kada iska ta rufo ta. Idan ka sunkuya, ko ka sa wani ya sunkuya maka, za ka ga ɗan rami a samansa mai siffar jinjirin wata da ɗigo bakwai. Kakana ne ya sassaƙa shi da hannunsa. Ana daka azurfa ta yi falle, a ɗora a kan ramin, a buga, sai zanen ya fito. A gidanmu Tsoho muke ce masa. Duk 'ya macen da aka haifa a zuriyarmu, ana huda mata kunne a sa zare, ranar da uwar ta gama wankan arba'in sai a cire zaren a sa mata 'yan kunnen da aka buga a jikin Tsoho. Babu wadda aka tsallake. Babban ɗa ke riƙe shi, shi ya sa daga mahaifina ya faɗo hannuna.

Na uku, kuma nan ne nawa laifin. Ni na kai shi ofis. Ka san fankar ɗakinmu, wadda ba ta da na ɗaya ba ta da na biyu, sai dai guguwa ko a kashe. Takardu suka dame ni da tashi, na duba gida ban ga abu mai nauyi da ba a amfani da shi kullum ba sai gādon ubana. Idan an yi haihuwa in sa shi a jaka in kai wa Baffa, a gama in dawo da shi bakin aiki. Wata shekara mutanen hedikwata suka zo daga Kano ƙidayar kayan kamfani, da gwangwanin farin fenti. Wani mai tabarau ya ɗaga shi ya tambaye ni mene ne wannan. Yallaɓai, ina sanye da agogo, ga abokan aiki sun zuba kunne, sai na ji nauyin in ce ni ɗan maƙera ne. Na ce ƙarfen danne takarda ne. Ya ce to, ya rubuta masa lamba a gefe. Kuma ni ne akawu, da hannuna na shigar da shi jerin kayan kamfani tsakanin kwandon shara da butar alwala. Allah ya jiƙan kakana, ya yafe mini.

Na huɗu. Ranar da aka sallame ni na sa shi a jaka tare da kofina da dardumata. Maigadi, mutumin da muka yi shekaru muna sallar Azahar kafaɗa da kafaɗa, ya ga lambar ya ce shi ba zai iya ba, sai da takardar Manaja. Kai ka ce sai da takardar hedikwata. Na rubuta wa hedikwata, suka amsa cewa a littafinsu babu wani gādo, ƙarfen danne takarda ne, rubutun hannun wani Hamisu. Na dawo wurinka, sai na tarar an yi wa Tsoho canjin wurin aiki, daga tebur ya koma ƙasa. Ni aka sallama, shi aka rage wa muƙami.

Wasu sun ba ni shawarar in kai ƙara gaban alƙali. Na yi tunani na fasa. Na san tambayar farko da zai yi mini ita ce wa ya rubuta, ta biyu kuma me ya sa, ga 'yan unguwarmu cike da kotu. Idan tonon asiri ne, gara in yi wa kaina a jarida, inda ba na ganin fuskokin masu dariya.

Na biyar, wanda shi ne dalilin gaggawar. 'Yata Bilkisu ta haihu, haihuwar fari, mace. Tana gidana tana wanka, saura kwana goma sha biyu ta cika arba'in ta koma ɗakinta. A gidan kuma akwai Gwaggo Hanne, yayar mahaifina, wadda yanar ido ta hana gani shekaru da yawa. Ita ke karɓar 'yan kunnen kowace jaririya ta shafa da babban yatsa, ta yi addu'a, sannan a sa.

Da na ga takardarka ba ta da ranar fitowa, sai na yi dabara irin ta akawu. Na sami guntun ƙarfen mota, na roƙi Baffa ya rufa mini asiri, na yi kwana goma ina sassaƙa wani. Baffa ya yi ta murmushi, ni kuwa na ɗauka yabo ne. Na fitar da jinjirin watan sumul, na jera ɗigo bakwai reras kamar da rula. Na buga gwaji na kai wa Gwaggo ina ta ƙafafa. Ta shafa, ta juya, ta sake shafawa. Ta ce aikin ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Sannan ta ce, "Amma Hamisu, ina akuyar?"

Ashe ɗigo na bakwai a jikin Tsoho karkatacce ne, da ɗan ƙarce a gefe. Kakana yana cikin sassaƙa shi akuyar gida ta tunkuye shi ta baya, hannunsa ya goce, ya ce a bar shi haka. Duk matan gidanmu sun san wurin, da shi suke gane juna idan sun haɗu a biki, daga masu aure a Dutsi har na garin Babban Mutum. Ni da na yi shekara goma sha huɗu ƙarfen yana gaban hancina, ban taɓa dubawa ba. Kunyar da na ji a gaban Gwaggo ta fi ta ranar da kuka miƙa mini takardar sallama.

Na durƙusa na faɗa mata komai, har da ƙofa. Na zaci za ta yi faɗa. Sai kawai ta tambaye ni ko aƙalla ana share wurin. Daga nan ta kai hannu kunnenta, inda nata 'yan kunnen suke, ƙanana kamar ƙwayar wake, waɗanda ubanta ya sa mata da hannunsa kuma ba ta taɓa cirewa ba. Ta ce idan abin ya gagara a cire nata a sa wa yarinyar, ita kwanan da ya rage mata ba mai yawa ba ne, zare ma ya ishe ta. Na ce a'a. Har yanzu a'a nake cewa, amma kwanaki suna tafiya.

Don haka, ranka ya daɗe, ga roƙona. Ka ba maigadi izini ya miƙo mini Tsoho kafin ranar arba'in. Idan dokar kamfani ba ta yarda a ba da shi ba, a ara mini na wuni ɗaya, in sa hannu a duk inda ake so, ka san sa hannu ba baƙona ba ne. Idan kuma wannan ma sai an tambayi Kano, to ka bar ni in zo da gudumata da azurfata in zauna a bakin ƙofarka in buga. Bugu biyu ne, ɗaya na dama ɗaya na hagu, ba zan hana kowa wucewa ba.

Kada ka damu da ƙofar. Na zaɓo dutse mai kyau daidai nauyinsa, na wanke shi tas, yana ɗakin maigadi tun ranar Litinin. Har gefe ɗaya mai faɗi na duba masa, don mutanen Kano su sami wurin rubuta lamba. Na kuma yi maka alkawarin zoben azurfa, ba cin hanci ba, sai bayan an gama komai, kuma Baffa zai auna yatsan don kada a maimaita na makullai.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya buɗa wa kamfani kasuwa har a nemi waɗanda aka rage, ban da ni. Allah ya raya maka zuriya, ya sa ka ga jikokinka, kada ya nuna maka ranar da tsohuwar gidanku za ta kai hannu kunnenta saboda gangancinka. Ƙofarka ba za ta gane an canja mata ƙarfe da dutse ba, Yallaɓai. Gwaggo kuwa da yatsa ɗaya ta gane.

Wassalam.

Naka,
Hamisu, tsohon akawu,
ɗan maƙera jikan maƙera,
Daura.