Barewar da Ta Ƙi Magana

Zuwa ga Bara'atu, ruwan farko a kan busasshiyar gonata, inuwar tsamiya a tsakar rana, sanyin randa ga mai azumi,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna da mutanen Tsaskiya, Allah ya ƙara tsare ku.

Yau kwana talatin da ɗaya rabona da muryarki. Kada ki ɗora wa katse layin waya da aka yi laifi, domin direban Safana ya dawo mini da katin memorin da na aika miki don ki ɗauki muryarki a ciki, naɗe cikin takarda. Na buɗe, ko tari babu a ciki. Haba, Bara'atu! Fushi ne har haka?

Kin tuna ranar da muka zauna a ajinki bayan an tashi, muka mayar da tsohon littafin masoyan nan da yaƙi ya raba ya zama katun na yara? Na zana saurayin a siffar gwanki, kika ce ke ce barewa, budurwarsa. Sau bakwai muna sake ɗaukar muryarki saboda dariya, muryar da ko kurciyar damina ta ji sai ta yi shiru.

Sai na sauya ƙarshen labarin, na haɗa su, ban shawarce ki ba. Kika ce yaran da suka baro gonakinsu a guje sun fi ni sanin rabuwa, kada in yi musu ƙarya. Ni kuwa na ce karatunki ne bai yi nisa ba. Tir da wannan baki nawa!

Yaran nan suna kwana a makarantarmu ta Batsari. Kullum na samu caji sai su kewaye kwamfutata. Gwanki ya yi magana, barewa ta motsa baki, shiru, tunda ba mu gama ɗaukar muryarki ba muka ɓata. Jiya wata yarinya, Indo, ta tambaye ni ko ita ma barewar koro ta aka yi, shi ya sa ta daina magana. Me zan ce mata?

Na goge ƙarshen da na yi. Gwanki yana wancan ƙetaren kogi, kamar yadda littafin ya faɗa, kamar yadda kika ce. Ki raba su, tunda gaskiyar ke nan. Amma mu, ya hasken idona, wane yaƙi ne ya raba mu ban da girman kaina?

Ga memorin nan kuma. Direban zai dawo ranar Alhamis. Ko faɗa ne, ki ɗauka a ciki, zan saurara.

Naki, muddin ina numfashi,
Jamaluddeen