Tulun Damaris

Lahadi, 3 ga Nuwamba, 2024
Bayan sujada Dakta Istifanus, malamin tarihi, ya tare ni a ƙofar majami'a. Jami'a za ta yi bikin tunawa da kafuwarta, mu Kiristoci kuma za mu yi sujadar godiya. Wai tulun kiɗan da ke ɗakina suke so. "Mama Afiniki, aro kawai. A akwatin gilashi za mu sa shi." Na ce zan yi tunani. Ya san ma'anar wannan a bakina.

Talata, 5 ga Nuwamba
Na sauko da shi daga kan kabad na goge. Tsagar wuyansa tana nan, ba ta ƙaru ba.
Lokacin da wurin nan yake kwaleji, ina kula da ɗakin kwanan 'yan mata, ba mu da majami'a. Gindin tsamiyar bayan kicin muke taruwa, mai benci ya zo da bencinsa, mara shi ya nemi saiwa. Awaki sun fi wasu dattawanmu zuwa a kan lokaci. Ni ke ba da waƙa, Damaris mai dafa wa ɗalibai abinci tana dukan bakin tulun da guntun katifa. Inda take ɗora hannun hagu har yau da sulɓi. Tun da muka binne ta ban bar kowa ya taɓa shi ba. In ya fashe, ba ni da sauran wani abu nata.

Juma'a, 8 ga Nuwamba
Goggo Dijatu ta shigo da sandarta. Ita ta gina tulun, tun tana da haƙora. Ranar da muka saya cewa ta yi, "Na ruwa na gina. Abin da kuka yi da shi, ku da Ubangijinku." Yau kuwa: "Ashe ni ban yi boko ba, tuluna zai shiga jami'a!" Na ce ba inda za shi. Ta ce, "Afiniki, kin sa shi takaba. Bai ga ruwa ba, bai ga kiɗa ba." Na zuba mata kunu don ta yi shiru. Ta shanye, ba ta yi ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Keziya, ɗalibar da ke jagorantar mawaƙa, ta zo har gida, ta durƙusa. Ita ba gilashi take so ba, kaɗawa. "Mama, labarin tsamiya muke ta ji, ba mu taɓa jin yadda kuke waƙar ba." Na ce ai kuna da fiyano mai cin fetur. Ta yi dariya. Hannunta siriri ne. Irin waɗannan su suka fi dukan tulu da ƙarfi.

Asabar, 16 ga Nuwamba
Gilashi. Na yanke shawara: aro, ba kaɗawa. Gwiwa na ciwo.

Lahadi, 17 ga Nuwamba
A cinya na rungume shi cikin keke, naɗe da zane, ina yi wa direba faɗa a kan kowane rami. Suka sa shi a akwatin, da 'yar takarda a gaba. Sai na ga kamar an kwantar da mutum ana zuwa ganinsa na ƙarshe.
Tsofaffin ɗalibai sun zo, wasu da jikoki. Mawaƙa suka ɗauko tsohuwar waƙarmu ta yabo, da fiyano, suna gudu kamar an biyo su. Na daure baiti ɗaya. A na biyu na ji bakina yana cewa, "Keziya, buɗe abin nan."
Ta buɗe, ta ɗauko shi. Bugun farko ya shiga ƙirjina. Mata masu furfura suka miƙe. Wata da na sha kamawa tana tsallake katanga, yanzu matar fasto ce, tana kuka. Ban san muryata tana nan ba.
Da aka tashi na duba. Tsagar ta ƙaru, kamar tsawon ɗan yatsa. Keziya ma ta gani.

Talata, 19 ga Nuwamba
Kan kabad ba komai. Goggo ta duba, ta dube ni. Na ce ban ba su ba, nauyi gare shi, ga ramukan hanya. Ta ce, "Ƙwarai, nauyi."
Na dai nuna wa yarinyar ta riƙa ɗora hannun hagu inda ya yi sulɓi, nan ne ke riƙe tsagar. Jibi suna koyon waƙa. Zan leƙa, don in ga ba su yi masa ganganci ba. Sai in tafi musu da wani guntun katifa, nasu ya yi tauri.