Ƙwallon da Ba Tamu Ba

Murdo nawa, Baban Struan, dutsen bakin teku da igiyar ruwa ta yi shekara arba'in da ɗaya tana duka bai gusa ba, garwashin murhuna a tsakiyar hunturu, doguwar ranar watan Yuni wadda ba ta gaggawar faɗuwa. Ina gaishe ka da gaisuwar da ban cancanci a amsa mini ba.

Ka san ni ba mai zaƙin baki ba ce. Tun da muka yi aure, sau nawa ka ji na kira ka da irin waɗannan sunaye? Abin da ka saba ji daga bakina shi ne ka cire takalmi a ƙofa, ka rage gishiri, ka daina ashar a gaban jikoki. Yau da na ɗauki alƙalami sai ga su suna zubowa, kuma abin kunyar shi ne sai da na yi maka laifi sannan na san suna cikina.

Na ce maka na taho Perth ne in taya 'yarmu Kirsteen rainon jariri. Kirsteen ba ta bukatata, uwar mijinta na nan ta cika gidan. Idonka na guje wa. Tun da muka dawo daga bakin teku kofin azurfar nan da muka ci a gasar wasan golf yana kan kanta a falonmu, kullum safiya kana goge shi da hannun rigarka, ni kuwa in na gifta ta gabansa sai in ji kamar an tuɓe mini tufafi a tsakiyar coci.

Ka tuna safiyar Asabar ɗin? Yaya za a yi ka manta! Iska na tasowa daga teku tana kwantar da doguwar ciyawar tudun yashi, ƙayar nan mai fure ruwan ɗorawa ta cika gefen fili da ƙamshi, tsohon otal yana bayanmu da baƙaƙen duwatsunsa. Ka tsaya a bakin rami na farko ka cire hula. Na san mahaifinka kake tunawa, wanda ya yi shekara talatin yana yanke ciyawar wannan filin golf, yana shiga otal ta ƙofar baya, bai taɓa buga ƙwallo a kai da rana tsaka ba. Na kuma san abin da likita ya faɗa game da ƙugunka, cewa bana ce shekarar ƙarshe da za ka taka ramuka goma sha takwas da ƙafarka. Da ka mai da hular, idonka ya yi kamar teku bayan ruwa ya ɗauke. Ban taɓa sonka kamar a wannan lokacin ba, ko ranar aurenmu.

Gasar ma'aurata ce, miji da mata ƙwallo ɗaya, ka buga in buga. Ka ɗiga mata jan tawada sau biyu kamar yadda ka saba, ka ba ni wata mai irin alamar in ajiye a aljihu ko da ta farko ta ɓace. Hector Geddes da matarsa Wilma ne abokan zagayenmu, su ke rubuta makinmu, mu muna rubuta nasu. Hector bai bar tsokanarka ba tun daga farko, wai tsoho ka bar sandar golf ka nemi ta dogarawa. Kai kuma ka ce masa ya kula da tumbinsa, ya tare masa ganin ƙwallo. Haka muka tafi muna dariya, kuma wasa yana yi mana kyau irin wanda bai taɓa yi ba. Ko katangar dutsen nan ta rami na huɗu da ƙwallonmu ta daka, maimakon ta jefa mu cikin teku, sai ta dawo da ita tsakiyar fili da ɗan ƙwarzane a gefe.

A rami na goma sha shida iska ta kwashi bugunka ta kai cikin doguwar ciyawa. Ƙugu ya hana ka hawa tudun, ka tsaya a ƙasa dafe da jaka. Ni da Wilma muka hau nema, ita tana duba agogo, don minti uku kaɗai doka ta ba mai neman ƙwallo. In ta ɓace, sai an koma baya an sake, kuma da wannan kofi ya tafi. Saura kaɗan lokaci ya cika na ga fari a gindin ciyawa. Na sunkuya. Irin tamu ce, kamfani ɗaya, amma babu jan ɗigo ko ɗaya. Na ɗago na hango ka can ƙasa, iska na kaɗa farin gashinka, kana kallona yadda ƙasa ke kallon hadari.

Na ce, "Ga ta nan."

Wilma ba ta ko matso ba. Wa zai duba bayan Ishbel, wadda ta yi shekara ashirin da shida tana koya wa yara tsoron Allah ranar Lahadi? Na buga, ta tashi kamar tsuntsu ta sauka kusa da tutar rami, bugun da ban taɓa yin irinsa ba a rayuwata. Na riga kowa isa. Na aza alama na ɗauke ta kamar zan goge, na jefa ta aljihu, na fito da mai jan ɗigon na ajiye. Ba tuntuɓe ba ne, Murdo, ba ruɗewa ba ce. Ƙarya biyu ce, kuma tsakanin ta farko da ta biyu na yi tafiya mai tsawo da hankalina a jikina. Da bugu ɗaya muka wuce su Hector. Kai ka sa hannu a katin maki. Hannunka mai tsabta na sa ya shaidi ƙaryata.

Ni! Ni da na ja Struan da kunne yana ɗan shekara goma sha ɗaya, na kai shi gaban manyan kulob ɗinmu ya faɗa da bakinsa cewa ya tura ƙwallo da ƙafa, na kulle sandunansa har bazara ta wuce. Ka roƙe ni in sassauta, na ce maka yaron da ya saci taku ɗaya a ciyawa zai saci abin da ya fi haka a duniya. Shekaranjiya ya bugo waya yana taya ni murna, yana dariya ya ce, "Mama, abu ɗaya dai muka tabbatar, babu wanda ya taɓa ƙwallo da ƙafa." Na ce masa jariri na kuka, na ajiye wayar. Jariri barcinsa yake yi.

Zan iya cewa don kai na yi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma na sha gaya wa 'ya'yanmu cewa kyakkyawar niyya ba ta wanke mummunan aiki, ba zan nemi rangwamen da na hana su ba. Wane irin so ne wannan da zai miƙa wa mutum kamarka kyautar sata? Kai da ka taɓa cin kanka tara don ƙwallo ta motsa alhali babu mai gani sai tumaki?

Ranar Juma'a mai rubutu zai zo ya sa sunanmu da ruwan zinariya a allon katakon nan na zauren otal, inda sunayen zakaru suke jere tun kafin a haifi kakanninmu. Na ji ka kana gaya wa ƙanwarka cewa sunan gidanku zai shiga ta ƙofar gaba a ƙarshe. Wannan ne zan ƙwace maka, kuma babu wata shekara da za ka sake nemansa. Ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe zan tsaya a ofishin sakataren gasa in faɗi abin da na yi, daga nan in wuce gidan Wilma. Za su yi magana a kaina a coci da kanti har shekara ta zagayo. Su yi, ni ma na yi a kan wasu da abin da bai kai wannan ba.

Abu ɗaya ne ya fi duk wannan ci mini rai. Ƙwallon da na ajiye maka sabuwa ce fil, ba ta da ƙwarzanen katanga. Da ka zo bugawa ka tsaya ka dube ta, ka daɗe, sannan ka dube ni, sannan ka jefa ta rami. Idonka ya raunana, na sani, wataƙila iska kawai kake aunawa. Amma in ka gani, in ka gane, ka sa hannu a katin nan don kada matarka ta ji kunya a gaban mutane, to na roƙe ka kada ka taɓa gaya mini. Zan iya ɗaukar ɓata kaina. Ba zan iya ɗaukar sanin cewa na ɓata ka ba.

Ka kawo kofin ranar Alhamis, masoyina, ruwan sanyin da na sha tun ina yarinya bai gundure ni ba. In ba za ka iya tsayawa kusa da ni ba, ka ba direban bas ya ajiye shi a ƙofar otal, ba zan ga laifinka ba. In kuma ka zo, kada ka ce komai don kare ni. Ka tsaya kawai inda zan iya ganinka.

Ko ka zo ko ba ka zo ba, ni taka ce har ranar da za a kwantar da ni, kuma ba ni da wani gida a duniya sai inda kake.

Matarka,
Ishbel