Kududdufin da na cike

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma sai an nemo mai karanta maka, don kai ajami ka sani, boko kuwa ka ce ka bar mini. To, ga ɗan bokon naka ya zo da magana.

Bari in fara da labarin gida. Inna tana nan lafiya, in ban da ciwon gwiwar nan. Ƙanwata Yagana ta haihu, namiji, an sa masa sunanka, amma babu mai iya kiran sunan, Abba ake ce masa. Shinkafar fadama ta yi kyau bara. Digarka da kwandon ɗiban ƙasarka suna nan. Duk zuwana gida Guri sai na tarar Inna ta fito da su zaure ta jingine, ba ta cewa komai. Damina saura wata biyu.

Ni kuwa daga ƙasar Holan nake rubuto maka. Ofishinmu ne ya turo mu kwas na mako uku a kan ambaliya. Ka ji abin dariya ko? Duk ofishin, ni aka zaɓa.

Jiya da hantsi aka kai mu wata unguwa da suke alfahari da ita. Kowane rufi shimfiɗe yake da farantan sola, babu ƙarar janareta ko ɗaya, mota ma ba ta shiga, sai kekuna. Wai wutar da gidajen ke samu daga rana har ta fi ƙarfinsu, suna tura wa maƙwabta. Ranar tasu kuwa, Baba, da ka gan ta da ka ce ba ta da lafiya. Ina ta ɗaukar hoto, raina fes, ina cewa a zuciyata ai irin wannan na so in yi maka.

Sai matar da ke zagayawa da mu ta kai mu bayan gidajen. Kududdufi ne, Baba. Rami ne mai faɗi, da ruwa kwance, da ciyawar kacala tsaye a gefe, kacalar nan da ka ƙare ƙarfinka wajen sarewa a magudanan fadama, su da hannunsu suka dasa ta. Ta ce kowane rukunin gidaje yana da nasa, kuma shi ake fara haƙawa kafin a sa harsashin gini, don duk ruwan da ya sauka ya sami inda zai zauna. Doka ta hana a cike shi. Abokan tafiyata suna ta rubutawa a littafi, ni kuwa na tsaya ina kallon ramin.

Ka tuna namu na bayan gida? Daga cikinsa Kaka ya ɗebi ƙasar da ya gina gidan. Duk rani kana shiga da diga ka haƙo ƙasar yaɓe, bango ya ƙara kauri, rami ya ƙara zurfi. In kogi ya tumbatsa, can ruwa ke fara sauka, ya huta, sannan ya bi 'yar hanyarsa ya koma fadama. Ni kuwa da na sami aiki sai na fara jin kunyarsa, ga sauro, ga kwaɗi, ga wari in na kawo abokai. Na sa tifa ta yi ta zuba marmara har ya shafe, na ɗora ɗakuna uku na bulo, na sa sola a kan kwano don ka sha fanka.

Ba ka yi mini faɗa ba. Abu ɗaya ka tambaye ni, inda baƙon zai sauka in ya zo. Na yi dariya, na ce wannan fannin na karanta, na nuna maka lambatun siminti da na ja. Ba ka ƙara tayar da zancen ba. Ɗakin ma ba ka taɓa kwana a ciki ba, ka ce fanka na sa maka mura.

A damina ta biyu baƙon ya zo. Lambatuna ya cika tun ranar farko. Ruwa ya nemi masaukinsa ya rasa, ya zagayo ya kwanta a gindin bangon ɗakinka kwana uku. Bayan Azahar ka shiga ka kishingiɗa, bangon ya zauna a kanka. Jama'a suka ce ƙaddara, kuma na yi imani da ita. Amma bayan sadakar bakwai na zaga unguwa ni kaɗai, na ga gidajen da suka bar kududdufinsu, bangayen da suka girmi naka, suna nan tsaye. Masu ta'aziyya suna ta sa wa ginina albarka, wai shi ya tsare Inna, don ranar a ciki ta fake. Ni kuma ina amsawa da amin. Ban taɓa gaya wa kowa abin da na gani ba.

Jiya a cikin ramin nasu akwai wani tsoho da dogayen takalman roba, yana rage kacala da lauje. Ya sunkuya, hannu ɗaya a gwiwa, yadda kake yi. Warin taɓon ma iri ɗaya ne. Da ya ɗago ya dube ni, ban san lokacin da na durƙusa ba. Abokaina sun ɗauka wani abu na yar. Tun daga nan duk bangon da na jingina da shi sai in ji kamar da danshi a gindinsa.

Baba, me ya sa ba ka daka mini tsawa ba? Don ka ga na saka wando da takalmi ne ka ɗauka na fi ka sani? Ko so ka yi kada ka kunyata ni gaban leburori?

Abin da ya hana ni sakewa shi ne, tun da Inna ta fita takaba ta koma ɗakinta na ƙasa, wanda ke manne da kufan naka. Damina biyu da suka wuce ruwa ya yi mana sauƙi. Wa ya ce ta uku za ta yi? Kuma sai jiya, a bakin ramin mutane, na gane abin da ya sa take fito da diga da kwando duk ranar da zan zo. Da ina cewa shanya su take yi. Ashe ta sani, shekara uku tana jira in ɗauka da kaina.

Ina sauka Kano ba zan kwana ba, Guri zan wuce. Zan kwance solar in mayar kan ɗakinta, in rushe ɗakunan nan uku, in fara haƙa da digarka. Za a ce Bukar ya je Turai ya dawo da taɓin hankali. Su faɗa.

Ka yi mini tambaya na amsa da dariya. Ga amsar yanzu, ko da ta makara: baƙon zai sauka a masaukinsa, inda ka bar masa. Ka yafe mini, Baba. Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sada mu da alheri.

Ɗanka,
Bukar, wanda ya cike kududdufi